Taragon da Aka Liƙe wa Ƙofa

"Rariyata ce ka tankaɗe yashi da ita?"

"Ba yashi ba ne, tsakuwar layin dogo ce. Dole ta zo daidai da girman taragon."

"To da dare sai ka ci tsakuwar, ta zo daidai da girman cikinka."

Maigidan bai ɗago ba. Mai gyaran agogo ne, amma tun da ya bar wa ƙaninsa shago ya koma ƙera jiragen ƙasa 'yan mitsi-mitsi. Layin dogonsa ya cinye teburin falo, ya haye kan kabad, har da 'yar gada ta saman rediyo. Jiragen fasinja ba su dame shi ba. Shi dai taragon kaya, tsofaffin nan na katako da aka daina ja tun kafin a haife shi. A bayan tsohuwar tasha akwai guda ɗaya da ciyawa ta cinye, can yake wuni yana awo, yana ƙirga ƙusoshi, yana kankare tsatsa. Wanda ke gabansa yanzu kwafin wancan ne, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba.

Matar ta buɗe baki za ta ƙara, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Ya gangara a hankali, ya tsaya. Magariba ta kawo jiki, unguwa ta yi tsit, ko kukan yaro babu. Na biyu ya faɗo, na uku kuma a tsakiyar falo ya sauka, alhali tagogi a rufe suke. Ta sunkuya ta ɗauka. Baƙin dutse ne mai kaifi, yana warin tsohon mai, da ɗumi a jikinsa kamar an ciro shi daga hammata.

"Wannan irin na layin dogo ne," in ji maigidan, har da 'yar sha'awa a muryarsa.

Haka aka shiga kwanaki. Rana na faɗuwa jifa zai fara. In jifa ya lafa, sai a ji wani siririn kuka daga wajen tebur, kamar na ɗan kyanwa a cikin gwangwani. Maigidan ya ce iska ce ke bi ta ƙarƙashin gada. Matar ta ce wace iska, a ɗakin da ko labule bai motsa ba?

Ranar da abin ya kai ga 'yarsu Auta, uwar ba ta gane da wuri ba. Auta 'yar kwaikwayo ce, ba muryar da ba ta iyawa, har tarin ubanta. Don haka da ta tsaya kan teburin tana cewa da wata tsohuwar murya mai kaushi, "Ɓarawo, buɗe min," uwar tsaki kawai ta ja.

"Ke, bar shaƙiyancin nan, magariba ce."

Auta ta juyo. Idon a buɗe yake, amma ba 'yarta ce a ciki ba.

Maƙwabta ne suka taya riƙe ta, ƙanin maigidan ya tafi ɗauko Malam. Dattijo ne marar hayaniya. Ya zauna a kan tabarma nesa da layin dogon, ya daɗe yana karatu a kan yarinyar, har ta fara gurnani tana dukan ƙasa da diddige. Uwar na riƙe da kanta, tana jin zafin goshin yana ratsa tafinta.

"Wace ce ke?" Malam ya tambaya.

"Tambayi mai tabarau. Ya san gidana. Har ƙusoshina ya ƙirga."

"Me ya ɗaukar miki?"

Sai kowa ya juya ga maigidan. Ya gyara murya, ya ce shi bai ɗauki komai ba, in ban da ɗan guntun katako da ya ɓamɓaro daga daɓen taragon. Da shi ya yi daɓen nasa, don katakon zamani ba ya ba da kalar.

"A kan katakon nan ɗana yake barci," in ji muryar. "Ka fere shi, ka shimfiɗa, ka ɗora rufi, ka liƙe ƙofa da gam. Wane irin mutum ne zai gina ɗaki ya liƙe ƙofarsa?"

"Ai a wannan girman ba a sa ƙofa mai buɗewa," in ji shi. "Sai ta yi kauri, ta ɓata awon."

Matar ta dube shi, kallon da ta daɗe tana tara masa.

"Za a buɗe," Malam ya ce. "Ki saki yarinyar tukuna."

"A'a. Nawa yana hannunsa, nasa yana hannuna. In rana ta sake faɗuwa bai fito ba, da ita zan koma. Tun taragon bayan tasha yana sabo nake cikinsa, tun fentinsa bai bushe ba, ba wanda ya taɓa raina ni sai wannan."

Maigidan ya rungume taragon a ƙirji. Ya ce ko za a bari ya huda ta ƙasa, inda ba za a gani ba? Muryar ta ce ɗanta ba ɓera ba ne, ta ƙofa zai fita. Ya ce to a ba shi zuwa gobe ya jiƙa gam ɗin a hankali. Jikin Auta ya sanƙare, numfashinta ya fara sarƙewa.

"Baban Auta," in ji matar, ba ta ko ɗaga murya ba, "ka buɗe, ko in buɗe shi da ƙoƙon kanka."

Malam ya ce wanda ya rufe shi zai buɗe. Maigidan ya ɗauki 'yar wuƙarsa, ya cusa ta a gefen ƙofar. Gam ɗin mai kyau ne, shi ya zaɓe shi. Ƙofar ba ta buɗe ba, tsagewa ta yi, ta tafi da rabin bangon da duk ƙusoshin da ya ɗiɗɗiga da tsinin allura. Wata iska mai sanyi ta fito ta shafi ƙafafun mutane.

Malam ya sa ta yi alkawarin ba za ta dawo ba, ita kuma ta sa sharaɗin a mayar da katakon inda aka ɓamɓaro shi. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Mama, ƙishirwa."

Uwar ta ƙanƙame ta, sai yanzu kuka ya zo mata. Malam ya fara laluben takalmansa. Maƙwabta na ta hamdala ƙasa-ƙasa.

Maigidan na tsaye da ɓaraguzan taragon a tafin hannu.

"Malam," ya ce, "ko za ka ɗan kira ta ta dawo? Rufin nan kawai zan tambaye ta, da yana sabo baƙi ne ko ruwan toka."