Masu Kurmin Madobiya

An ɗauke wuta bayan sallar isha, muka fito tsakar gida da tabarmi. Yaya Barira, 'yar Baffanmu, ta zo hutu daga makarantar koyon aikin gandun daji. Ƙanwata Kande ta dame ta sai ta faɗa mana abin da ta taɓa gani a daji.

Yaya Barira ta gyara zama. Sannan ta rage murya.

"Ku matso," ta ce. "Wannan ba tatsuniya ba ce. Wadda abin ya faru da ita, ɗakinmu ɗaya a makaranta."

Ga yadda ta ba mu labarin.

Sunanta Hansatu. Ba ta da surutu. Amma in aka zo maganar itace, sai kun gaji kun bar ta. Ko ɓawo ta shinshina za ta gaya muku sunan uwarsa.

Bara waccan aka yi babban taro a makarantarmu. Ɗaliban gandun daji suka zo daga Nijar, Kamaru, Chadi, har da 'yan Gana. Aka kafa rumfuna a bakin dajin da ke bayan makaranta. Magana ɗaya ake ta juyawa: yadda za a ci amfanin daji ba tare da an cinye shi ba. In an sare, a dasa. A bar manyan itatuwa su yi iri.

Shugaban ɗalibanmu sunansa Lawwali. Garinsu ɗaya da Hansatu, har manya sun fara maganar aurensu. Ya iya baki. Ranar buɗe taro ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Mu ne masu riƙon amanar daji. In mun saki, babu mai ɗauka." Aka yi ta tafi. Wata 'yar Chadi har da hawaye, don rairayi ya binne gonar mahaifinta.

Da yamma kuma sai ka gan shi yana bin baƙi da shayi, yana tambayarsu a hankali, "A wajenku, ina manyan itatuwa suka rage?" Mu muna cewa kishin daji ne.

Ranar fita aikin awo aka raba mu rukuni-rukuni, muka shiga daji. Hansatu ta tsaya auna kaurin wata bishiyar ƙirya. Da ta ɗago, babu kowa.

Rana ta take tsaka. Tsuntsaye sun yi shiru. Ko iska ba ta motsi.

"Sannu da aiki, 'yar nan."

Ta juya. Wata tsohuwa ce, 'yar ƙarama, da baƙin zanen saƙi. Bakinta ya motsa, amma muryar daga sama ta sauko, daga cikin rassa.

Hansatu ta durƙusa ta gaishe ta. "Iya, na ɓace wa 'yan'uwana."

"Ba ki ɓace ba. Biyo ni."

Rani ne, busasshen ganye har idon sawu. Duk takun Hansatu sai ya yi ƙara. Na tsohuwar, shiru. Sai Hansatu ta kai idonta ƙasa.

Yatsun ƙafar tsohuwar dogaye ne, sirara, a karkace kamar saiwa. In ta tsaya sai su nutse cikin ƙasa. In ta ɗaga sai ta bar ƙananan ramuka.

Hansatu ta fara addu'a a zuci.

"Yi addu'arki," in ji tsohuwar, ba ta ko waiwayo ba. "Mu ma muna yi."

Suka ratsa wata tsaga tsakanin duwatsu, wadda sai mutum ya karkata zai wuce. Sai ga kurmi.

Kun san madobiya? Itace ne mai jan ciki, mai ƙarfi, wanda 'yan katako suka fi nema. An koya mana cewa manyansa sun ƙare a dajin nan tun kafin a haife mu. To ga su nan a tsaye, iya ganinta. Kowace sai mutane sun haɗa hannu za su zagaye ta. Furanninsu rawaya sun rufe ƙasa. A tsakiya idon ruwa yana ɓuɓɓugowa, sanyi kamar randa. Ta ji dariyar yara a sama. Ta ji ana daka can nesa. Ba ta ga kowa ba.

"Nan ne garinmu," in ji tsohuwar. "An kore mu daga wurare da yawa. Wannan ya rage."

"Iya, me ya sa kika kawo ni?"

"Mun ji ku a rumfa. Kun ce ku masu riƙon amana ne. Mun daɗe ba mu ji haka daga bakin bil'adama ba." Ta juyo ta dube ta. "Wata rana za ki zama babba a aikin nan. In aka zo fasa hanya, ki kauce da ita daga nan. Shi ke nan abin da muke so."

"Zan yi, Iya."

"Wurin nan ba ya ganuwa sai ga wanda aka nuna wa. Wanda aka nuna wa kuma, yana iya nunawa. Kin gane?"

"Na gane."

"Ki bar shi a cikinki."

"Na yi alkawari."

Tsohuwar ta rako ta har bakin tsagar. Hansatu ta yi taku kaɗan, sai ta jiyo muryarmu muna kiran sunanta. Da ta fito na ga furen rawaya a mayafinta. Na tambaye ta, ta kaɗe shi ta ce ba komai.

Ranar rufe taro kowace ƙasa ta ambaci wurin da za ta nemi hukuma ta killace. Mu masu masauki ba mu da abin faɗa. Bayan an watse, Lawwali ya sami Hansatu a bayan rumfa, fuskarsa a ɓace.

"Kin ga kunya?" ya ce. "Mun tara mutane muna ta wa'azi, namu dajin fanko ne. Da akwai ko wuri ɗaya, da na tsaya a kansa har ƙarshen rayuwata."

Ta dube shi. Mutumin da za ta aura ne. Ta ce a ranta, doka ta fi ƙarfin alkawarin yarinya ɗaya. In hukuma ta sa hannu, wa zai taɓa?

"Akwai wuri," ta ce. "Amma sai ka rantse."

Ya rantse. Bai ko yi jinkiri ba.

Washegari da safe ta kai shi. Tsagar ta buɗe musu. Amma babu dariyar yara. Babu daka. Tsohuwar ba ta fito ba.

Lawwali ya rungumi wata madobiya, hannuwansa ba su kai ko rabi ba. Ya ƙwanƙwasa jikinta ya kasa kunne, ko akwai kogo. Ya ja baya yana auna ta da ido, daga gindi zuwa reshen farko. Daga baya Hansatu ta ce min, "Barira, na ga duk wannan. Na ɗauka so ne."

A hanyar dawowa ya ce mata, "Kada ki gaya wa malamai tukuna. In magana ta fita, 'yan katako za su riga mu. Bari in bi ta ofis a asirce."

Damina ta zo ta wuce. Duk sanda ta tambaye shi sai ya ce, "Ana kai." Da kaka ta yi, hanyoyi suka bushe, muka fara jin kukan inji daga can bayan duwatsu. Matan da ke kawo mana nono suka ce ƙoramar ƙauyensu ta ja baya, ɗan ruwan da ya rage ya yi ja.

Muna cin abinci muka ji haka, Hansatu ta ajiye cokalinta. Ta ce, "Barira, raka ni."

A hanya ta gaya min komai. Ban yarda ba, amma na bi ta.

Ba mu ma nemi tsagar ba. An fasa hanya ta bayan dutse, mai faɗi, sawun tayar manyan motoci ya kwanta a kai. Muka bi ta har ciki.

Rana ce ta fara dukanmu. Babu inuwa ko ta tafin hannu. Kututture ne ko'ina. Madobiya in an sare ta jan ruwa take zubarwa, to ya gangaro ya daskare a jikin kowane kututture. Ƙudaje na bi. An jera gungume a gefe, ana lodawa.

Lawwali na tsaye jikin wata mota tare da wani dattijo mai kama da shi. Da ya gan mu bai ko razana ba. Ya tako a hankali.

"Me ya kawo ki nan?" ya ce.

"Ka rantse," in ji Hansatu.

"Dattijon can kawuna ne, ɗan katako. Shekara da shekaru yana jin labarin wurin nan, ba ya samunsa."

"Ka rantse, Lawwali."

"In ba mu ba, wasu ne za su sare. Ki yi tunani. Da me kike so in riƙe ki? Da jawabi?"

Ta daɗe tana kallonsa. "Baƙin nan da ka yi ta tambaya a taro fa? Su ma ka kai masa labarin dazuzzukansu?"

Ya kau da kai.

Hansatu ba ta yi kuka ba. Ta wuce shi ta nufi idon ruwan, na bi ta. Ya zama taɓo, dusar katako ta toshe shi. Tana isa ta durƙusa, irin durƙuson gaida babba.

Ni ban ga kowa ba. Muryarta kawai nake ji. Abin da aka mayar mata, ita ta gaya min daga baya. Amma na ga wani abu da idona. Ƙananan ramuka suna ɓullowa a cikin dusar katako, ɗaya bayan ɗaya, a layi. Wasu manya, wasu ƙanana. Suna wuce mu suna yin arewa. Kamar mutane masu kaya a ka.

"Iya," in ji Hansatu. "Ki yafe min."

"Ba faɗa muka zo ba. Tashi muke."

"Ina za ku?"

"Ba za mu ƙara gaya wa kowa ba."

"Yaudara ta ya yi, Iya."

"Shi a rumfa ya yi nasa alkawarin, gaban jama'a. Zai ji da shi. Ke a gabana kika yi naki."

Hansatu ta sunkuyar da kai. Ta miƙa hannuwa biyu. Ina kallo, hannun babu komai. Na ƙifta ido, sai ga 'yar ƙwarya cike da irin madobiya.

"Ba lada ba ne," aka ce mata. "Ba yafiya ba ce. Jarirai ne, ba za su iya tafiyar ba."

Ramukan suka ci gaba da wucewa har suka ɓace a bayan dutse.

Mun kai ƙara wurin malamai ranar. Kafin a turo masu dubawa, mota ta ƙarshe ta fita. Hansatu ta aika gida a mayar da kayan Lawwali. Irin nan ta shuka shi a wurin renon dashe na makaranta, babu wanda bai tsiro ba. Yanzu ita ke yawo da su ƙauye-ƙauye tana dasawa. Kullum in ta dasa ɗaya sai ta tsaya ta kasa kunne. Har yau ba ta ji komai ba.

Lawwali kuwa, na gan shi a tasha watannin baya. Ya bushe, ya yi baƙi. Ya zo ya zauna a gindin wata darbejiya inda muke jiran mota. Ina gani inuwar ta janye daga kansa, a hankali, kamar an ja tabarma. Ya matsa, ta sake janyewa. Mutane suka fara tashi. Rumfar kwano tana yi masa inuwa, laima ma tana yi. Itace ne dai ya ƙi.

Nan Yaya Barira ta tsaya da labarin. Kande ta matso jikina.

"Yaya, duk sun tafi?"

"A'a. Akwai waɗanda suka ƙi tashi." Ta ƙara rage murya. "Wani mai gawayi ya bi hanyar motocin nan shi kaɗai, zai tsinto ragowar rassa. Bai dawo ba. 'Yan'uwansa suka shiga nema. Suka same shi a tsaye tsakiyar kututture, cikin rana, hannuwansa a buɗe. Ƙafafunsa sun nutse a ƙasa, sai da aka haƙa. Leɓensa duk ya tsage. Suka tambaye shi me ya tsayar da shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce wasu yara ne suka roƙe shi ya yi musu inuwa, shi kuma ya kasa sauke hannunsa."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"In Allah ya kai ɗayanku wajen, hanyar nan tana nan, mai faɗi, mai kyan bi. Kada ya bi ta shi kaɗai. Ko da rana tsaka."