Wayar da ta Shiga Ƙasa

Bayan la'asar ta ranar Asabar aka tarar da Goggo Larai kwance gaban firiji a falon Alhaji Barau, tafin hannunta na dama a ƙone, ƙafafunta da sauran danshin alwala. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Shekarar 1978 ce, wata uku da tada injin wutar Ƙanƙara. Gidan Alhaji Barau ɗan kwangila na cikin na farko da aka ja wa lantarki, kuma shi kaɗai ke da firiji a unguwar. Goggo Larai ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta goya shi tun rasuwar uwarsa.

Saje Nata'ala na 'yan sanda ya tarar da Alhaji a tsakar gida, ido ya yi ja.

"Almu ne," in ji Alhaji. "Shi ya yi mani wayarin. Na sawo waya mai kyau daga Funtuwa, ya karkatar da ita ya sa mani ruɓaɓɓa. Wannan kisan kai ne, Saje."

Saje bai yi tambaya ko ɗaya ba. Alhaji ne ya yi wa caji ofis sabon rufi bara. Saje ya sa aka kashe wutar gidan, ya nufi tasha, ya tare Almu yana saukowa daga motar Sabuwa da jakar kayan aikinsa. A gaban jama'a ya sa masa ankwa. Har wani ya jefe shi da ɓawon rake.

Da safe aka binne Goggo. Sai bayan an dawo daga maƙabarta Saje ya fito da Almu ya zaunar da shi a benci.

"Yaushe rabonka da gidan?"

"Laraba."

"Mi ya kai ka?"

"Fis ɗinsu ke ta ƙonewa. Na duba, na ga firijin ne. Wata waya ta goge a cikinsa tana taɓa ƙarfen jikinsa. Na cire shi daga soket, na ce da Alhaji kada a kunna sai na dawo."

"Ka tafi ina?"

"Sabuwa, tun asubar Alhamis. Masallaci nake ja wa waya. Liman da ladan duk sun san inda na kwana."

"In aikinka na da kyau, mi ya kashe ta?"

"Ranka ya daɗe, abu biyu ke tsare mutum a gida. Akwai fis, siririyar waya kamar gashi, wadda ke tsinkewa in wuta ta ɓata hanya. Akwai kuma wayar ƙasa, mai kauri, ta jan ƙarfe, da ke bin bango ta sauka kan ƙarfen da na kafa bayan ɗaki. Ita ke kwashe wutar ta kai ƙasa. Doka ta ce ba a haɗa gida sai da su. In suna nan yadda na bar su, firijin nan ba zai ko tashi ba."

Saje ya ɗauki hularsa.

A bayan ɗakin Alhaji ya sami wayar. Jan ƙarfe ce mai kyau, an danne ta da ƙusoshi a jere. Amma daidai ƙugun mutum an cire mata kamar taƙi guda. Ya durƙusa ya dubi bakin yankan. Ba a datse yake ba. An kankare da wuƙa ne, aka yi ta lanƙwasawa har ta karye.

Bilya, direban Alhaji, shi ke da kayan ƙarfe a gidan. Saje ya same shi yana wanke mota.

"Kana da filaya?"

Bilya ya ɗauko ta daga but ɗin motar. Saje ya miƙa masa guntun waya, ya datse tas da hannu ɗaya.

"Jumma'a kana ina?"

"Faskari. Alhaji ya aike ni ɗauko baƙi tun hantsi, abokansa 'yan kwangila. Walimar tarewa a sabon gidan nan aka yi. Sai bayan masallaci muka iso."

"An sha ruwan sanyi?"

"Har da lemo. Kowa na ta santi."

Wato ran Jumma'a firijin da aka hana kunnawa yana aiki.

Hajiya Barakatu, matar gidan, ta amsa tambayoyi daga bayan labule.

"Ina akwatin fis yake, Hajiya?"

"Turakar mai gida."

"Wa ke da makulli?"

"Shi kaɗai."

"Ran walima wuta ta ɗauke?"

"Sau biyu, da hantsi. Daga nan ba ta sake ba."

"Kin taɓa firijin?"

Da ta yi magana, muryar ta yi ƙasa. "Ya fizge ni kaɗan. Da takalmin roba nake. Na faɗa mashi, ya ce haka sabon firiji ke yi, in riƙa buɗewa da tsumma." Labulen ya motsa. "Ban gaya wa Goggo ba. Ran nan tana Pauwa wajen suna. Na manta, Saje. Wallahi na manta."

Zauren gidan cike yake da masu zaman makoki. Saje ya raɗa wa Alhaji cewa yana son ganin akwatin fis. Suka shiga turaka su biyu. Saje ya zaro fis ɗin daga mazauninsa. A inda ya kamata a ga siririyar waya, jan ƙarfe ne mai kauri a naɗe. Ya warware shi, ya miƙar, ya ce Alhaji ya biyo shi bayan ɗaki. Ya ɗora guntun a giɓin. Ya zauna cif, har kankarar wuƙar ta haɗu.

"Alhaji, bari in faɗi yadda na ga abin, in na yi kuskure ka gyara mani. Almu na Sabuwa, Bilya na Faskari. Da ɗayansu ne, da filaya zai datse, ba wuƙa ba. Turaka kuma makullinta na aljihunka. Baƙi na hanya, ka kunna firiji, fis ya ƙone. Ka sa wani, ya ƙone. Sai ka nemi wayar da ba ta ƙonewa. Yanka ɗaya ka yi, ka kashe masu gadi biyu: ka toshe fis, ka tsinke hanyar ƙasa. Wutar ta rasa inda za ta bi, ta zauna jikin firiji tana jiran mai ƙafa a jiƙe."

Alhaji Barau ya jingina da bango, ya sulale har ƙasa, babbar rigarsa cikin turɓaya.

"Na bi ta da ido," ya ce, "na ga ba ta zuwa ko'ina. Ƙasa kawai ta shiga. Na ce wannan ado ne." Ya rufe fuska da hannun riga. "Na riga na yi wa mutane kurarin ruwan sanyi. Ya zan ce masu babu?"

"Da ka tsaya nan, sai a ce ganganci da ƙaddara. Amma ka san hannunka ne, ka ɗora wa bawan Allah."

"Ita ta goya ni, Saje. Ina zan sa bakina in ce ni ne?"

Saje ma kansa a sunkuye yake.

"Don Allah kada a bi da ni ta zaure."

"Gidan ƙofa ɗaya gare shi, Alhaji."

Suka fito. A tsakiyar zaure Alhaji ya tsaya, bai ɗaga ido ba. "Jama'a, ba Almu ba ne. Ni ne." Liman ya mai da dubansa kan tabarma, masu jan carbi suka daina ja. Aka buɗe masu hanya.

A caji ofis Saje bai aiki kowa ba, da kansa ya buɗe ɗakin tsaro. Ya miƙa wa Almu jakar kayan aikinsa da hannu biyu.

"Malam Almu, tambayar da na yi maka yau, jiya ya kamata in yi ta. Ka yafe mani."

Almu ya rataya jakar. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

"An binne ta?"

"Tun da safe."

"Sati biyu na yi ina aiki a gidan, kullum sai ta dama mani fura ta kawo da kanta." Ya goge ido da bayan hannu. "Ban sami sallarta ba."

Ya tsaya bakin ƙofa, ya juyo.

"Wane gefen maƙabarta ne?"

"Mu je in nuna maka," in ji Saje.

"A'a, ranka ya daɗe. Faɗa mani kawai."