Tafarnuwar da Mama Ta Bari

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko ya gane ni kar ya faɗi sunana. In Baba ya ji na fitar da maganar gidanmu na shiga uku! Ku yi haƙuri da rubutun kuma, ban yi nisa a makaranta ba, in na shiga aji ƙirjina ke ta bugawa har na daina zuwa. Labarin yayata Narae ne da saurayinta Gichol, mai kula da lambun da hukumar birni ta yi a bayan tashar bas ta unguwarmu, nan birnin Daejeon.

Ranar muna cin abinci, shinkafa da miyar waken soya, Baba ya dawo daga tuƙin tasi bai ko cire safa ba ya ce, "Narae, wannan mai hular kaban naki, ki gaya masa ya fita harkar fangalina."

Yaya ta ajiye cokali. "Baba, me ya yi?"

"Ke dai gaya masa!"

Ashe tafarnuwa ce. Mamanmu ta rasu, kuma tana da wani irin tafarnuwa na ƙauyensu, 'yar ƙarama mai jan ɓawo, ƙamshinta daban. Inna ƙanwar Mama ke shuka mana a ƙauye, to ta sayar da gonar, ta aiko mana da damin ƙarshe. Ita kuwa tafarnuwa ba ta ajiyuwa, in shekara ta wuce ba a binne ta ba sai ta bushe, irin ya ɓace ke nan. Kuma gab da sanyi ake shuka ta, ta kwana a ƙasa har sanyin ya wuce. Shi kuma lambun ƙuri'a ake yi duk shekara, in sanyi ya shigo kowa ya kwashe nasa, tarakta ta kaɓe wurin tas, baɗi wani ne zai samu fangalinka. Baba ya sani sarai. Ya lallaɓa ya binne ta a tsakanin kabeji, ya kafa ɗan tsinke ya ɗaura masa ƙyallen tsohon ɗankwalin Mama.

Ran Lahadi Gichol ya zo gida da lemo a leda, ya durƙusa ya sunkuyar da kai.

"Baba, na zo ne a kan—"

"Wa ye babanka?"

Kunnensa ya yi ja. "Ranka ya daɗe, tafarnuwar nan ba za ta iya kwana a can ba."

"Kai ke riƙe da makulli. Ka ce wa mai tarakta ya kauce wa lungun, wa zai sani? Ko ba ka son 'yar tawa ne?"

"Ina sonta. Amma jiya tsohuwar nan mai fangali kusa da famfo har hawaye ta yi a kan albasarta, na ce mata ba dama. In na bar taka, da wane ido zan kalle ta?"

Baba ya tura ledar lemon da ƙafa. "To je ka auri tsohuwar! In ka taɓa min shuka, kar ka sake taka ƙofar nan."

Ranar rufe lambu Baba ya je ya tarar da fangalin fayau, ba tafarnuwa, ba tsinke, ba ƙyalle. Ya dawo ya zauna gaban hoton Mama har abinci ya huce.

Yaya ta kira Gichol a waya, ina jin ta daga bayan labule. "Haba Gichol! Ko ƙwaya ɗaya ba ka iya rage mana ba? Na Mama ne fa!"

Ya ce, "Sori, Narae. Ki ba ni lokaci."

"Lokacin me?"

Bai faɗa ba.

Haka muka ci sanyin nan. Gwaggo, yayar Baba, kullum tana tafe da hoton wani mai shagon tabarau. "Dubi hannunsa, fes! Ba irin mai ƙasa a farce ba." Yaya sai ta zuba mata shayin sha'ir da hannu biyu ta ce, "Na gode, Gwaggo, ba yanzu ba." Ba ta yi wa Baba rashin kunya ba, ba ta saci jiki ta je wurin Gichol ba, amma ba ta ce ta fasa ba. In tana kuka a banɗaki take yi, ta saki famfo. Na ce, "Yaya, ki manta da shi mana." Ta ce, "Haushinsa nake ji, amma mutumin da ya ƙi cutar tsohuwa don ya same ni, ta ina zan manta shi?"

Da gari ya yi ɗumi, wata safiya aka ƙwanƙwasa. Gichol ne, ya rame, hannunsa riƙe da damin koren tsiron tafarnuwa, irin wanda Mama ke jiƙa mana a ruwan waken soya.

Baba ya ce, "A wace kasuwa ka sayo?"

"Ranka ya daɗe, ka zo ka gani. In ka gani ka kore ni, na tafi."

Ban san me ya sa Baba ya ɗauki makullin mota ba. Muka bi shi ni da Yaya. Gichol a ɗan ɗakin saman bene yake haya, muka yi ta hawa Baba yana haki yana mita. Muna fita sararin saman benen sai ga fararen akwatunan 'yan kifi jere, an cika su da ƙasa, an rufe da ɓuntun shinkafa, an naɗe gefensu da bargo. Tafarnuwa ta miƙe kore shar! A akwatin tsakiya ga tsinken nan, ga ƙyallen Mama yana kaɗawa.

Gichol ya ce, "Da ƙasarsu na kwaso su. Kusan rabi sun mutu. Shi ya sa ban faɗa ba, na ji tsoron su mutu duka in karya maka zuciya sau biyu."

Yaya ta leƙa ɗakinsa, katifa ba ko mayafi. "Gichol! Bargonka ne wannan? Da me kake rufa?"

"Da kwat."

"Wawa kawai!" ta ce, tana kuka tana dariya.

Baba ya tsuguna, ya tsinki ganye ya murza ya kai hanci. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Ban taɓa ganin kukan Baba ba, ko ranar da aka binne Mama. Gichol ya juya baya yana kallon sama kamar bai gani ba.

Can Baba ya share fuska ya ce, "Ruwa ya yi musu yawa. Wa ya koya maka?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Wane irin ranka ya daɗe kuma? Ba ka iya cewa Baba ba ne?"

Bayan an tone tafarnuwar aka sa musu rana. Rabi Baba ya ba su, ya ce iri ne, ba na ci ba.

Ni dai abin da na gane, wanda zai cuci wani don ya faranta maka, wata rana kai ma zai cuce ka. Kuma da Yaya ta yi gaggawa, ko ta bijire wa Baba ko ta karɓi mai tabarau, da ta yi asara. Haƙuri ne ya ba ta duka biyun, mijin da uban. Amma maganar kukan nan, don Allah ku bar ta a nan, don Baba cewa ya yi yajin ganyen ne ya shiga masa ido, kuma ya ce duk wanda ya—

Wayyo, ga ƙarar makullinsa a ƙofa, bari in