Alƙalamin da Malam Ya Riƙe da Hagu

Ranar da Sharifa ta fara ganin Munzali, tana tura mahaifinta ne a keken marasa lafiya zuwa sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Birnin Kudu. Tayar keken ta maƙale a bakin ƙofa, ta yi ta fama, sai wani saurayi mai farar riga ya sunkuya ya ɗaga gaban keken.

"Sannu Baba. Sannu ƙanwata. Daga ina?"

"Daga Dingaya," ta ce, ta sauke ido, don kallon da ya yi mata ya ɗan daɗe.

Mahaifinta, Malam Badamasi, tsohon malamin firamare ne. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye magana ta ɗauke masa, sai gurnani da hawaye. Mahaifiyarta ta rasu, yayanta yana kudu wajen nema. Sharifa ce wanka, ita ce ciyarwa, ita ce juyi. Ƙawayenta sun wuce makaranta, wasu sun yi aure, ita kuwa iyakarta ɗakin Malam da madafa. Ko rijiya ta je, da kunne ɗaya take jan ruwa.

Bayan Munzali, saurayin nan mai farar riga, ya gama motsa masa gaɓoɓi, sai ya tambaya ko an taɓa gwada ba shi biro a hannun hagu.

"Na gwada. Takardar zamewa take, biron kuma sai an danna. Haushi yake ji ya jefar."

Ya ɗauko kwamfutarsa, ya lanƙwasa ta baya ta zama kamar allo, ya zaro wani siririn alƙalami daga gefenta.

"Fara gwadawa ke."

"Ni? In fasa maka gilashi?"

"In kin fasa, na san inda zan bi ki."

Ta riƙe shi a tsorace. Tana ɗora bakinsa sai ga baƙin layi yana bin hannunta, sulɓi kamar ana jan yatsa a kan mai. Ba tawada, ba ƙara. Sunanta ya fito a karkace, ta yi dariya ta rufe baki. Ya nuna mata yadda ake gogewa, da yadda ake ƙara wa layin kauri.

Sannan ya saka alƙalamin a hagun Malam. Hannun ya yi ta rawa, layuka suka hau juna. Aka goge, aka sake, aka kuma gogewa. Can sai ga haruffa manya kamar na ɗan aji ɗaya: RUWA.

Sharifa ta durƙushe tana kuka. Ashe duk gurnanin da yake yi tun a mota ƙishi ne.

Munzali ya bar musu kwamfutar aro. Daga nan duk Asabar babur ɗinsa na ƙofar gidansu, wai ya zo duba Malam da yi wa na'urar caji. A sauran ranaku kuwa saƙonni ne.

"Malamata, yau me Baba ya rubuta?"

"Ya rubuta GISHIRI. Wai miyata ta yi lami."

"Ni ko lami ce zan sha, in dai hannunki ne ya kaɗa."

"Likitana, ka rage zaƙin baki."

Sai dai da labari ya kai kunnen mahaifiyarsa, Hajiya Kubra, ta ce sam. Mata za ka aura ko jinya? Yarinyar da ba za ta iya barin ɗakin ubanta ba? Ga Zahara'u 'yar aminiyarta nan, ta gama karatu, ba abin da ya ɗaure ta.

Munzali bai ɓoye wa Sharifa ba. Wata Asabar ya zauna gaban Malam ya ce, "Baba, ina son Sharifa da aure. Na san ba za ta iya barinka ba. Na yarda ta zauna nan tare da kai, ni in riƙa zuwa."

Malam ya jawo allon da kyar. Ya daɗe yana ja, Sharifa na leƙe daga bayan labule. Ya rubuta: A'A. Sai hannun ya gaji, alƙalamin ya faɗi.

Munzali ya ɗauke shi ya ajiye a gefen katifa, ya yi sallama a sanyaye ya fita. Da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Hajiya ta ƙi, Baba ya ƙi. Ban san ta ina zan ɓullo ba, Sharifata."

"Ka bi maganar Hajiya. Ni dama nan ne wurina."

Ta kashe wayar. Ta naɗe kwamfutar a zani ta tura ƙarƙashin gado. Ba ta fasa komai na hidima ba, amma ta daina hira da mahaifinta. Malam ya yi ta gurnani yana nuna ƙarƙashin gadon, ita kuwa ta yi kamar ba ta gane ba. Ɗakin ya ƙara yi mata ƙunci. Ta ji an ce an ga Zahara'u a gidan su Munzali, ta shiga madafa ta yi kukanta a cikin hayaƙi.

Da Malam ya fara kawar da kai daga abinci ne tsoro ya kama ta. Ta jawo kwamfutar, ta kai shagon caji, ta dawo ta ɗora masa a cinya.

"Ga shi, Baba. Faɗi abin da kake so."

Ya kusa cinye hantsi yana rubutu, yana hutawa, gumi na zubo masa. Ita ke gogewa in wuri ya cika. A'A KAR KI ZAUNA. Ta goge. KI TAFI GIDANKI. Ta goge. NA TSARE KI DA YAWA.

Ta kifa kanta a ƙirjinsa. "Ka yafe mini, Baba. Ni na hana ka ƙarasa maganarka."

Ta ɗauki hoton layin ƙarshe ta tura wa Munzali. Shi kuma ya miƙa wa Hajiya wayar.

Ran Juma'a sai ga Hajiya Kubra da kanta a Dingaya. Ta dubi zanin gadon Malam fes, ta dubi bayansa babu ko ƙurji. Ita ma ta yi jinyar mijinta kafin ya rasu, ta san abin da hakan ke ci.

"Ke kaɗai kike juya shi?"

"Ni kaɗai, Hajiya."

"To daga yau kin daina. Ɗakin marigayi yana nan a rufe, ga asibiti kusa. Malam, za ka bi mu Birnin Kudu?"

Malam ya dubi 'yarsa, ya gyaɗa kai.

Bayan kaka aka ɗaura aure, yayanta ya zo ya yi walicci. Da aka zo ɗaukar amarya, Malam aka fara sakawa a gaban mota, an naɗa masa rawani, matan unguwa na ta guɗa.

A gidan, Hajiya ta kama hannun Sharifa ta damƙa wa ɗanta.

"Ga ta nan, ka riƙe ta da amana. Yadda ta ji ƙan ubanta, Allah ya ba ku masu jin ƙanku. Allah ya zaunar da ku lafiya."

Suka amsa da amin. Sharifa ta juya za ta nufi ɗakin Malam, Hajiya ta tare ta.

"Ina kuma? Na ba shi abinci, ya sha magani, ya yi barci. Wuce ɗakinki, amarya."

Munzali ya yi murmushi ya buɗe mata ƙofa. "Bismillah, Malamata."