Faifan da Ba a Gwada Ba

Yammacin da abin ya fara, babu abin da ya raba shi da sauran. Mama ta kwashe shanya, ta ninke, ta zauna a falo tana jiran kiran magariba. Auta, 'yarta ta ƙarshe, wadda ta gaji sana'ar mahaifinta ta gyaran kwamfuta, tana durƙushe gaban wata kanta da ke falon da sukudireba a hannu, fuska a murtuke.

A kan kantar akwai wani baƙin akwati wanda bai fi tukunya girma ba. Marigayi maigidan ne ya haɗa shi da hannunsa, kuma duk wayar da ke gidan nan can take zuba kayanta. Faifai biyu ne na ajiyar bayanai a cikinsa, abin da ke wannan shi ke wancan, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Hotunan yara suna ciki, da takardun gida, da muryar marigayin, wato saƙonnin da ya riƙa aiko wa Mama ta waya da baki, tunda ita karatu bai zauna mata ba. Satin da ya wuce faifai ɗaya ya mutu, fitilarsa ta koma ja.

Mama da kanta ta je kasuwa neman wani. Ta tsaya a kan mai shago tun hantsi, ta kushe, ta juya za ta tafi sau uku, har sai da mutumin ya share gumi ya sallama mata a rabin kuɗi. Ta dawo da shi cikin leda a manne, tana tafiya kamar wadda ta ci yaƙi.

Auta ta ce sai an gwada. Haka Baba yake yi: kowane faifai, ko daga ina ya fito, sai ya kwana uku a teburinsa shi kaɗai, ba a haɗa shi da komai na gida ba. A duba awa nawa ya taɓa yi yana aiki, a rubuta abu a kowane lungu nasa, a karanto, a ga ko ya dawo daidai. Sannan ya shiga akwati.

Maganar ta soki Mama. Ta ce ita da ta shekara talatin tana ciniki ba a taɓa cusa mata ruɓaɓɓen kaya ba, yau 'yar da ta goya ce za ta gwada mata saye?

"Mama, ba idonki nake gwadawa ba, faifan ne."

"Sa shi, na ce. Ko ledarsa ba a ɓare ba."

Auta ta sa. Akwatin ya ɗauki gurnani a hankali, ya fara kwafe duk abin da ke tsohon faifan yana zuba wa sabon.

Ana idar da sallar magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Na biyu ya biyo baya, sai na uku, kowanne da tazararsa, kamar mai jifan yana ƙirgawa. Mama ta fita da tocila, ta zagaya tsakar gida, ta leƙa bayan tanki. Babu kowa, ko kyanwa. Da ta dawo falo sai ta ji akwatin yana wani ƙas, ƙas, ƙas, kuma tazarar ɗaya ce da ta jifan.

Washegari da rana lafiya lau. Amma rana na yin ja, wayar Mama da ke kan kujera ta yi magana ba wanda ya taɓa ta. Muryar marigayi ce, yana tambaya ko an kulle ƙofar baya. Mama ta san saƙonninsa kaf, kamar yadda ta san yatsunta. Bai taɓa aiko da wannan ba.

Auta ta buɗe kwamfuta, ta duba abin da ya kamata a duba tun farko. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, faifan nan ba sabo ba ne, shekara shida ya yi yana juyawa a wani wuri, goge shi aka yi aka sake masa leda. Ta miƙa hannu za ta zare shi. Yatsunta na taɓa ƙarfen ta sandare, ta tafi da baya, ta zube a kan tabarma.

Da ta buɗe ido, ba ita ce a ciki ba. Ta zauna ta harɗe ƙafa irin zaman mahaifinta, ta dubi Mama ta yi murmushin da ba nata ba. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta runtsa ba har gari ya waye, yini guda kuma leɓɓanta suna motsi, ƙas, ƙas.

Da yamma ta uku Mama ta haɗiye girman kanta ta aika aka kira malamin da ke ruƙiyya a unguwar, wani dattijo marar yawan magana. Ya cire takalmi, ya dubi yarinyar, ya dubi akwatin, ya ce kada wanda ya kashe shi tukuna. Ya zauna ya fara karatu. Ɗakin ya yi nauyi. Hasken taga ya riƙa ja da baya har fitilar akwatin kaɗai ta rage tana ƙiftawa. Can Auta ta yi wata ƙara, wata murya mai kauri ta fito daga ƙirjinta tana cewa ya isa, ana ƙona shi.

Malam ya tambaye shi wane ne, me ya kawo shi gidan mutane.

Ya ce shi bai zo ba, kawo shi aka yi. A wani ofis da aka rufe aka manta da injinansa a kunne ya sami faifan, ga ɗumi, ga duhu, ba motsin kowa, ya zauna abinsa. Ya ce irinsu da yawa suna zama a irin wuraren nan, kuma mai hankali yana ajiye baƙon faifai a gefe ya ƙwanƙwasa kowane lungu, in da mai gida a ciki ya yi gyaran murya, a rabu lafiya.

"Mijin matar nan ya san haka. Biyu daga cikinmu ya mayar kasuwa, ba wanda ya ji kanmu. Ita kuwa ta kai ni har ƙuryar ɗaki, ta ce a juye mini duk abin da gidan ya mallaka. Na ci, na ƙoshi. Yanzu a ce in fita?"

Malam ya ce zai fita, ko da daɗi ko ba daɗi. Aljanin ya ce in aka matsa masa zai fita, amma da hankalin yarinyar zai tafi. In ana so ya bar ta yadda ya same ta, a ba shi akwatin ɗungurungum.

Nan Mama ta gyara ɗaurin zaninta ta matso. Malam ya ɗaga hannu zai hana ta, ta ce ya yi haƙuri, karatu nasa ne, ciniki nata.

"Albarka," ta ce. "Kai da aka sayar da kai rabin kuɗi, har kana da bakin tsada?"

Ta ce ya ɗauki faifansa, za a kai shi inda ba mai damunsa. Ya ce shekara shida ya yi cikin shiru, ba zai koma gida wayam ba. Ta ce ya haɗa da takardun gida, ai ana sake yin wasu. Ya ce takarda ba ta hira. Ta ƙara masa hotuna, rabi, sannan duka. Ya yi dariya ya ce shi ba ido gare shi a can ciki ba, kunne gare shi. Muryar mutumin nan yake so, duk saƙonnin, kada a rage ko tari ɗaya.

Mama ta miƙe ta juya baya kamar za ta bar shago. Ba a kira ta ba. Da ta waiwayo sai ta ga kan Auta ya langaɓe, leɓɓanta sun bushe sun tsage, numfashinta yana fita da ƙyar.

Ta dawo ta zauna.

"Na sallama."

Malam ya sa shi ya yi rantsuwa cewa ba zai dawo ba, ba zai taɓa kowa na gidan ba. Ya rantse. Sai muryar ta yi laushi, ta fara komawa wadda Mama ta sani.

"Baiwar Allah, ba ki nemi gyara ba. In kira ki sau ɗaya, yadda mijinki yake kiranki in ya dawo daga shago?"

Bakin Mama ya buɗe. Malam ya sunkuyar da kansa.

"Riƙe gyararka," ta ce. "Sakar mini 'yata."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta kife a cinyar uwarta. Akwatin ya yi shiru. Malam ya zare faifan da hannunsa, ya naɗe shi a tsumma, ya fita da shi, bai faɗi inda zai kai shi ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Sai bayan kwana biyu Auta ta iya zama gaban kwamfuta. Hotuna suna nan, takardu suna nan. Saƙonnin ma suna nan a jere, kowanne da ranarsa da tsawonsa. Ta taɓa na farko ta miƙa wa Mama wayar. Mama ta kara a kunne, ta saurara har minti ɗaya da rabi ya cika. Babu komai a ciki, ko shaƙar numfashi.

Auta ta fara kuka tana cewa da ta dage, da ta ƙi sawa. Mama ta ce ta yi shiru, ba ita ta je kasuwa ba. Ta tambaye ta ranar da ke jikin saƙon. Auta ta karanta mata.

Mama ta rufe ido.

"Ɗauko biro da takarda. Wannan ranar babanki yana tasha ne, mota ta lalace musu. Ya ce kada mu jira shi da abinci, kuma a ce miki ki daina taɓa masa teburi. Rubuta. In kin gama, ki karanto mini ranar saƙo na biyu."