Hannun da Tatay Ya Tura Aljihu

"Ba zan gudu da ke ba, Perlita. Na faɗa miki tun farko."

"To zauna kana jira har mu yi furfura!"

A tashar jirgin ruwa muke tsaye ni da Renato, masu kwandunan mangwaro suna ta bangazar mu. Sati mai zuwa jirgin dakon kayan da yake wa aiki zai tashi, kuma ya rantse in ya tafi wannan karon babu maganar aurenmu, shi da tsibirinmu na Guimaras har abada.

"Masoyiyata, saurare ni mana..."

"Ajiye daɗin bakin nan, ba shi na zo ji ba!"

"Hannun mahaifinki kawai nake nema. Ya miƙo, in ɗora a goshina in karɓi albarka kamar kowane ɗan mutunci. Ke da bakinki kika yi wa Nanay, mahaifiyarki, alkawari kafin ta rasu cewa ba za ki bar gidan nan da fushinsa ba."

Ya san inda zai taɓo ni. Na dube shi ido cikin ido.

"Hannu kake so? Za ka samu. Ka zo gidanmu ran Lahadi bayan coci. Kar ka ce uffan sai na miƙa maka littafi."

"Me kike ƙullawa, Perlita?"

"Kai dai ka zo."

Tatay, wato mahaifina, shi ne Maestro Teofilo da ya koya wa rabin garinmu Turanci. Duk shekara sai ya karantar da wannan tsohon wasan kwaikwayo na Turawan Ingila, na yaran nan biyu da gidajensu ba sa ga maciji, suka yi aure a ɓoye, suka ƙare gawa biyu a kabari ɗaya. Sai ya sa aji duka ya yi kuka shaɓe-shaɓe, sannan ya goge tabaransa ya yanke hukunci: "Laifin yaran ne. Gaggawa da rashin jin magana."

Mutumin da ya haddace wannan littafi, shi ne ya raba ni da Renato. A kan me? A kan zakara!

Wallahi zakara. Wani ja, da Tatay yake yi wa wanka da hannunsa, yana masa tausa kamar jariri. Zakaran Crispin, mahaifin Renato, ya kashe shi a filin faɗa, Tatay ya rantse an shafa guba a 'yar wuƙar da ake ɗaura musu a ƙafa. Tun daga ranar shi da Crispin ko a coci ba sa zama a benci ɗaya.

Ranar da Renato ya zo neman aurena da iyayensa, da tukwanen abinci niƙi-niƙi, ya sunkuya zai kama hannun Tatay ya kai goshinsa. Tatay ya dube shi sheƙeƙe, ya tura hannun cikin aljihu. Renato ya tsaya a sunkuye a gaban uwarsa da ubansa da maƙwabta masu leƙe, ya rasa yadda zai ɗago. Watan bai ƙare ba ya kama aikin jirgin ruwa ya shiga teku.

Ƙawayena suka yi aure, suka haihu, 'ya'yansu suka shiga makaranta, ni ina nan ina kallon bakin ruwa. Ciwon suga ya cinye idanun Tatay. Ni ke masa allura, ni ke dafa masa shinkafa, ni ke cire masa ƙayar kifi. Ban taɓa barinsa da yunwa ba, amma ban taɓa manta aljihun nan ba.

Tun da ya makance, tsofaffin ɗalibansa suke taruwa a barandarmu ran Lahadi su karanta masa littafi, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Wanda karatunsa ya yi masa daɗi, sai ya miƙa masa hannu ya sa masa albarka. Wannan karon ni na zaɓi littafin, kuma mun iso ƙarshensa. Dabarata ita ce Renato ya karanta, Tatay ya miƙa hannu bai san wa yake ba wa ba, hannu na taɓa goshi in faɗi sunan da ƙarfi a gaban ɗalibansa. Albarkar da aka bayar a bainar jama'a ba ta komowa. Shi ma ya ɗanɗana yadda kunya take.

Ran Lahadi baranda ta cika. Da Renato ya shigo sai kowa ya yi tsit, na zare musu ido, suka kama bakinsu.

"Tatay, yau baƙo ne zai karanta mana."

"Madalla. Ya fara."

Renato ya karanta. Da ya zo inda saurayin ya tarar da matarsa kwance ya zaci ta mutu, muryarsa ta karye, sai da ya tsaya ya ja numfashi. Ya ci gaba har shafin ƙarshe, inda iyayen maza suka iso kan gawar 'ya'yansu suka yi musabaha. Manang Dolor mai shagon magani tana ta fyace hanci da bakin rigarta.

"To," in ji Tatay, "laifin wa?"

"Na fadan cocin nan ne da ya ɗaura musu aure!" Manang Dolor ta yi caraf. "Babba da shi, ya ba 'yar mutane maganin barci babu takardar likita. Ni da a shagona ne, da tuni an kulle ni!"

"Haba Manang, ki bar bawan Allah," in ji Efren mai babur ɗin haya. "Ɗan aiken nan ne ya kashe su. An ba ka saƙo ka je ka maƙale a hanya! Da ni aka aika, kafin yarinyar ta yi hamma na kai na dawo."

"Kai da ka kai mai naƙuda asibiti bayan an yi wa jaririn baftisma?"

Aka kwashe da dariya.

"Ni saurayin ma bai yi min ba," Manang Dolor ta ƙara. "Jiya yana mutuwa a kan wata, yau ya ga sabuwa ya manta. Maza kenan!"

"Ke fa, Inday?" Tatay ya juyo inda nake. Haka yake kirana tun ina goye. "Ba ki ce komai ba."

Na miƙe tsaye.

"Iyayen ne suka kashe su, Tatay. Ba guba ba, ba wuƙa ba. Tsofaffi biyu da girman kai ya cika musu ciki! Kun lura har littafin ya ƙare ba a faɗi abin da ya haɗa su faɗa ba? Marubucin kunya ya ji. Ƙila ma zakara ne!"

Efren ya sunkuyar da kai.

"Waɗancan ma sun huta," na ci gaba, hawaye na zuba. "Sun mutu lokaci ɗaya an binne su. Akwai wadda aka binne da ranta, tana tashi kullum ta dafa shinkafa!"

Tatay ya juya ta inda muryar baƙon ta fito. Ya ce, "Wanda ya yi karatu, matso kusa, yaro."

Ya miƙa hannu.

Ga shi nan! Na cika ƙirjina da iska, sunan yana kan harshena. Renato ya durƙusa a gabansa... sai ya ƙi taɓa hannun.

"Maestro, kafin in taɓa ka, ka san ko ni wane ne. Renato ne, ɗan Crispin. Ba zan saci albarkarka ba."

Wayyo! Ji na yi kamar in rufe shi da duka. Tarkon da na daɗe ina ɗanawa, ya sa ƙafa ya shure!

"To janye mana, Tatay!" na daka tsawa. "Aljihun yana nan inda ka bar shi! Janye kowa ya gani!"

Hannun bai motsa ba.

"Tun layin farko na gane ka, Renato," in ji Tatay a hankali. "Har yanzu kana haɗiye ƙarshen kalma kamar kana aji uku." Ya juya fuskarsa wajen ɗalibansa. "Lokacin da nake da ido, ban taɓa bari aji ya kai shafin ƙarshen nan ba. Yaran na mutuwa nake rufe littafi in ce an tashi, don ba na son ganin tsofaffin nan a kan gawa. Yanzu littafin ba a hannuna yake ba, dole na ji. Kama, ɗana, kafaɗata ta fara gajiya. Gobe kuma ka ja ni gidan ubanka."

Renato ya kama hannun da hannu biyu ya kai goshinsa, kafaɗunsa suna jijjiga. Manang Dolor ta fashe da kuka tana kiran sunan Allah.

Ni kam ban huce ba. Shi kenan? Magana uku ta biya shekaruna?

Tatay ya juya, ya miƙo hannun ta inda ya ji muryata.

"Inday..."

Na dube shi sheƙeƙe, yadda ya yi a waccan ranar. A gaban kowa na tura hannuna cikin aljihun siket ɗina, na danna shi har ƙasa. Na jira in ga kunya ta rufe masa fuska.

Ba ta rufe ba. Bai gani ba. Ramuwar da na yi shekaru ina reno, kowa a barandar ya gan ta sai mutum ɗaya da na yi dominsa. Yana tsaye kawai da hannu a sama, yana lalubar iska, hannun duk ya yi tabon allurar da nake masa.

"Inday, kina ina? Ko kin fita ne?"

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Na kama hannun na manna a goshina, ina kuka kamar ranar da aka binne Nanay.

"Ga ni, Tatay... ban je ko'ina ba."