Takalman Hajiya Saadet

Kullum Nazmiye ta dawo daga masaƙa a unguwar Uskudar, ƙafafu a kumbure, sai goggonta ta tare ta a tsakar ɗaki.

"Sake! Sunkuya sosai, hannu ya kusa ƙasa, sannan leɓe, sannan goshi. Ke gaisuwar temenna kike yi ko tsintar allura?"

"Goggo, wallahi na gaji."

"Gaji? Uwar Rafet ta rantse, yarinyar da ba ta iya gaisuwar manyan gida ba, ba za ta shigo mata gida da sunan suruka ba!"

Sai Nazmiye ta share hawaye ta sake. Tana son Rafet, shi ma yana son ta, amma bawan Allah a gaban uwarsa ko tari ba ya iyawa. "Ki daure," shi ke nan abin da ya iya faɗa, ita kuwa har dauriyar ta gundure ta.

Ranar da aka kai ta gaisuwa, Hajiya Saadet, uwar Rafet, ta hakimce a kujera, 'yarta Feriha a tsaye tana jiran kuskure. Nazmiye ta sunkuya, hannu ya yi ƙasa, sai idonta ya faɗa kan ƙafar tsohuwar. Ta kumbura suntum, an cusa ta cikin takalmin ado don baƙi, har bakinsa ya nutse a nama. Wannan ciwon Nazmiye ta san shi. Ta manta leɓe, ta manta goshi, ta durƙusa ta zare takalmin a hankali ta shiga matsa ƙafar.

"Innalillahi! Ko rabi ba ta kai ba!" in ji Feriha. "Inna, kin ga 'yar ƙauye ko?"

Rafet ya sunkuyar da kai. Nazmiye ta san ta zubar da komai, hawayenta na ɗiga, amma ba ta saki ƙafar ba.

Tsohuwar ta yi doguwar ajiyar zuciya.

"Yi mini shiru, Feriha. Kakata ta ce kalmar nan temenna daga Larabci muka aro ta, ma'anarta yi wa mutum fatan alheri. Ke kullum kina sunkuya mini har ƙasa, ba ki taɓa duban abin da ke ƙasan ba."

Haka haƙurin Nazmiye ya biya ta, domin wanda ya damu da kai shi ne ya girmama ka, ko da bai iya gaisuwa ba. Hajiya Saadet ta miƙo ɗaya ƙafar.

"Cire wannan ma, surukata. Tun safe yake cin raina."